Inna da Littafin Malamin Dabbobi

Shekarar da aka kasa girbe gero a ƙauyen su mijina, can bayan Gurbin Bore, ita ce shekarar da surukata ta dawo hannunmu a Ƙauran Namoda. Ƙanin mijina ya ɗauko ta a kan babur zuwa Zurmi, daga nan aka sa ta a mota. Kayanta ba su wuce buhu ɗaya da ƙullin zannuwa ba. Inna muke ce mata. Shekara tara ke nan ina auren ɗanta na fari, amma in aka tara duk maganar da muka taɓa yi da ita ba za ta kai hirar yamma ɗaya ba. Gaisuwa ce kurum, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ba ta kama sunan mijina, "mai gidanki" take cewa, ni kuma ta kira ni Malama don ina koyarwa a firamare.

Mace ce da ba ta saba zama haka nan ba. A gida tana da awaki, tana da 'yar gonar gyaɗa tata ta kanta, kuma furarta ake saye a unguwarsu. A wurinmu sai ta rasa abin yi. In na dawo daga makaranta sai in tarar ta share tsakar gida sau biyu, ta sake wanke kwanonin da na wanke da safe, ta zauna a gindin darbejiya tana tsinkar zogale ko da babu mai buƙata. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ba ta kuma taɓa kawo zancen gida ba.

Ni tun ina ƙarama nake son karatun labarai. Yayata da ke aure a Shinkafi ita ma haka take, sai muka mayar da abin musaya. In ta gama uku ko huɗu sai ta ƙulle su a leda ta ba wani dattijon direba da ke jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura, ni kuma in ba shi nawa ya kai mata. Daga baya na gane littattafan ba kai tsaye suke zuwa ba. Sai sun kwana biyu a gaban motarsa yana karantawa a tasha. Suna isowa da warin fetur, an kuma lanƙwasa kunnen shafi a wurare da yawa, alhali yayata da tsinken tsintsiya take sa alama. Da na tambaye shi bai musa ba. Ya ce jiran fasinja ya fi tuƙi gajiyarwa, kuma tun da hanya ta zama abin tsoro mutane suka rage tafiya, wani lokaci sai ya cinye rabin littafi kafin mota ta cika.

Ina da maƙwabciya mai yin ƙuli-ƙuli, muna ce mata Uwar Tagwaye. Ta iya karatu, amma hannunta kullum cikin mai yake, don haka bayan la'asar takan shigo da tiren gyaɗarta ta zauna tana murza, ni ina karanta mata. Inna tana can gefe da zogalenta. Mun ɗauka ba ta sauraro.

Wata rana muna cikin wani labari na 'yar wani attajiri da saurayinta ya yi tafiya bai sallame ta ba, ta shiga ɗaki ta kulle, kwana uku tana kuka. Ina cikin karantawa sai na ji muryar Inna.

"Malama, su mutanen ga na littahinki, wa ka yi musu tuwo?"

Na ɗaga kai. Ta ci gaba ba tare da ta dube ni ba, ta ce tun shekaranjiya take ji, ba ta ji an ɗebo ruwa ba, ba ta ji an ba dabba dusa ba, ba wanda ya je gona, sai kuka da shiga mota. Uwar Tagwaye ta yi dariya har gyaɗa ta zube. Ta ce ai Inna, shi ya sa muke son su. Hayaƙi ya ishe ta a gidanta, in ta zo sauraron labari so take a kai ta gidan bene mai sanyi inda ba a hura wuta, ta huta na awa ɗaya ta dawo. Inna ta ce to, ita dai kuka na mai ƙoshi bai kama ta.

Daga ranar ta matso da tabarmarta. Ba ta iya boko ba, karatunta na allo ne, amma ba ta mance komai. In na tsallake shafi don magana ta yi nauyi a gaban suruka, sai ta ce akwai abin da ya ɓace a nan, jiya matar ga tana fushi, yau kuma ga ta tana dariya. Ita da Uwar Tagwaye kusan ba su taɓa yarda da juna a kan littafi ba. Akwai wani da aka ba da labarin 'yan'uwa biyu, babban ya sayar da gonar gado ba da sanin ƙaramin ba, a ƙarshe ƙaramin ya yafe a shafi ɗaya aka rungumi juna. Uwar Tagwaye ta share hawaye ta ce haka ake son Musulmi. Inna ta ce yafiya gaskiya ce, amma wanda ya rubuta wannan bai taɓa mallakar gona ba. Ta ce mutum yakan yafe, sannan ya shekara goma in ya bi ta gefen gonar sai ya kau da kai.

Shi kuwa direba nasa ra'ayin daban ne. In na je tasha karɓar leda ba ya bari in tafi sai ya faɗa mini abin da ya gani. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne hanya. Ya ce marubucin da zai sa mutum ya bar garin nan da hantsi cikin damina ya isa inda za shi ko taya bai jiƙe ba, to a ɗaki ya yi tafiyarsa. Ba ya kuma son a yi mugu wanda ba shi da wani hali sai mugunta. Ya ce shekara talatin yana ɗaukar mutane, bai taɓa ɗaukar wanda mugu ne tun daga tasha har sauka ba. Ko wanda ya fi kowa rigima, in aka tsaya salla sai ka ga ya miƙa wa wani buta.

Shi ne ya ba ni littafin da nake son in yi magana a kansa. Ba daga yayata ya fito ba, wani fasinja ne tsohon malamin makaranta ya bar masa. Bangon ya cire, shafukan farko sun yage, har yau ban san sunan littafin ko na mai shi ba. Ba ƙagaggen labari ba ne, wani tsohon malamin dabbobi ne ya rubuta tarihin rayuwarsa. A ruga aka haife shi, aka ɗauke shi aka sa a makarantar kwana, ya girma ya yi aikin allurar shanu yana bin rugage da keke. Direban ya ce in karanta a hankali, ba irin na 'yan mata ba ne.

Uwar Tagwaye ta yi hamma tun a shafi na biyar. Inna kuwa ta ajiye zogale. Da aka zo inda yake kwatanta yadda uwarsa ke kaɗa nono da sassafe, ta tsame man ta jefa cikin ruwan sanyi ya dunƙule, sai na ji Inna ta ce a hankali, wanga ya sani. Haka ta riƙa faɗa a wurare da dama, inda ya ambaci yadda saniya ke kiran ɗan maraƙinta da yamma, da yadda ake gane hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. A karo na farko ita ce ke tambaya ko na gama aikin makaranta a fara.

Mun yi kusan mako biyu a kansa kafin muka kai wani babi gajere. Mutumin ya ba da labarin wata ranar kasuwa da uwarsa ta taka tun daga ruga zuwa makarantarsu, ɗauke da ƙwaryar nono da ɗan man shanu da ta tara masa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar ɗanta. Ɗalibai suka taru suna kwaikwayon Hausarta. Da aka kira shi ya fito ya gan ta a cikin kayan saƙi, ƙafa duk ƙura, sai ya ce wa abokansa wata mai tallar nono ce daga wajen garinsu. Bai karɓi komai ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗora ƙwaryarta ta juya. Ya ce ya koma hutu ba ta tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba, haka suka zauna har ta rasu yana da 'ya'ya biyar.

Ina kaiwa nan Inna ta ce in tsaya. Ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki, ko magariba ba a yi ba.

Uwar Tagwaye ta hau faɗa, ba da yaron da ya yi laifin ba, da tsohon da ya rubuta. Ta ce Allah ya rufa masa asiri shekara da shekaru, shi da hannunsa ya tona. 'Ya'yansa za su karanta, jikokinsa za su karanta, da wane ido za su dube shi? Ta ce abin da ya kamace shi istigfari ne da sadaka da yi wa uwar addu'a, ba ya baza a kasuwa kowa ya ɗauka ba. Da na gaya wa direba haka bayan kwana biyu sai ya girgiza kai. Ya ce saboda babin nan kaɗai ya ba ni littafin. Duk sauran ana iya samun wanda zai rubuta, amma mutum ya faɗi abin da ba wanda ya sani sai shi da mamaciya, ba kuma wanda ya tilasta shi, wannan shi ya sa ya yarda da sauran shafukan. Ya ce sau biyu ya karanta wurin, na biyun har yaran tasha suna buga masa mota ta cika bai ji ba.

Inna ta yi kwana biyu ba ta fito gindin darbejiya ba. Ranar Asabar da safe, bayan mijina ya fita, ta ce in ba ta gero da citta da kanumfari. Tun zuwanta ba ta taɓa yin fura ba. Ta surfa, ta wanke, muka kai niƙa, ta dafa, ta kirɓa da kanta ta hana ni taɓa taɓarya. Muna zaune muna cura ta muna birkiɗawa a gari, sai ta fara magana, idonta a kan hannunta.

Ta ce tana da ƙawa Bafulatana, rugarsu na bayan ƙauyen. Tun Inna na goyon mijina matar ke kawo mata nono, ita ta ba ta fura ko gero. In Inna ta haihu ita ke fara zuwa da man shanu, in ita ta haihu Inna ke kai mata kunun kanwa. Ko akuyar da Inna ta fara mallaka daga hannunta ta fito. Da ɓarayin daji suka fara shigowa, rugar ƙawar aka fara kora wa shanu, tun kafin a taɓa ƙauyen. Amma da abin ya yi tsanani, aka kashe mutane a gona, sai maza suka ce kada a ƙara hulɗa da kowa daga ruga. Duk gidan da aka ga Bafulatani ya shiga, ana iya cewa su ke kai labari. Inna na da ɗa saurayi a gida, ƙanin mijina, ta ji masa tsoro. Ana cikin haka wata safiya ƙawar ta zo da ƙwaryarta kamar yadda ta saba.

"Ina ciki, Malama. Ina jin sallamarta. Sau ukku ta yi. Ban amsa ba."

Ta ce ta zauna a bakin gado har ta ji tafiyarta ta yi nisa. Bayan 'yan makonni rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

 Muka ci gaba da curi. Can ta ce mutumin littafin ya yi gaskiya, ba ta ga laifinsa da ya rubuta ba, amma ya makara.

"Mu yag gaya ma. Ita uwar tashi ba ta ji ba."

Sannan ta tambaye ni ko direban nan namu yana shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

Na kai masa saƙon. Inna ta faɗi sunan matar da na mijinta da na arɗonsu, na rubuta a takarda da lambar wayata a ƙasa. Ban gaya masa dalili ba, bai kuma tambaya ba. Kasuwa uku yana zagaya kara, inda ake cinikin shanu, ba wanda ya sani, ko kuma ba wanda ya yarda ya ce ya sani, don a lokacin in baƙo na tambayar inda wata ruga take ba a saurin ba shi amsa. A ta huɗu ya gamu da wani mutumin Jangeru da ya taɓa ɗauka a mota. Shi ya ce sun yi damina ɗaya a wajensu, daga baya suka ƙetara iyaka, amma babban ɗan matar yakan shigo kasuwa jefi-jefi. Direban ya bar masa takardar.

An fi wata ɗaya ba labari. Inna ba ta sake tambaya ba, muka koma kan littafin muka ƙarasa shi. Wata Juma'a da hantsi, ana hutun makaranta, ina wanki sai ga kira da baƙuwar lamba. Wani ya yi sallama da Hausar Fulani ya ce ga innarsa. Na ruga da kumfa a hannu na buɗe muryar wayar na ajiye a gaban Inna, don ba ta iya riƙe ta a kunne ba.

Sun daɗe suna gaisawa. Ina gida, ina yara, ina gajiya, ina ruwa, Inna na amsawa da 'yan kalmomin Fulatancin da ta iya. Na ɗauka a haka za a ƙare. Sai Inna ta gyara zama.

"Ranar da kinka zo, ina ciki."

Na leƙa wayar in ga ko layin ya yanke.

"Na sani. Na ga takalmanki bakin ƙofa," in ji matar. "Na so in aje miki nonon in tafi, sai na ji tsoron a gan shi ƙofarki."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Matar ta tambayi jar akuyar da ta ba ta ko tana nan, Inna ta ce an sayar da ita kafin a taso. Matar ta ce ba komai, ai ta tsufa. Suna cikin zancen wanda ya yi aure da wanda ya rasu layin ya yanke.

Bayan haka sun yi waya wajen sau biyar, duk lokacin da ɗan ya sami inda waya ke kamawa. Wata rana direba ya kawo mini ledar littattafai da kwalbar man shanu a ciki, har ya ɗan jiƙa bangon ɗaya. Inna ta aika da daddawa. Uwar Tagwaye, da Inna da kanta ta ba ta labarin, ta ƙara da ƙuli-ƙuli ƙulli guda, amma ba ta sauya ra'ayi ba. Ta ce abin da Inna ta yi daidai ne, ta nemi mai haƙƙi ta gaya mata, su biyu. Shi kuwa tsohon, duniya ya gaya wa. Na ce mata ai da bai gaya wa duniya ba da Inna ba ta ji ba. Ta ce wannan kuma ikon Allah ne, ba wayonsa ba. Na aika wa yayata littafin, ta dawo da shi bayan mako ɗaya ta ce ta kasa wuce babin cutar shanu, in daina aiko mata da irinsa.

Da damina ta zagayo ƙanin mijina ya kama haya a Zurmi don ya riƙa leƙa gona in an sami sarari, Inna ta ce can za ta koma, ya fi kusa da gida. Ba da daɗewa ba lambar ɗan ƙawarta ta daina shiga. Direba ya tambaya a kasuwa, aka ce an daina ganinsa. Inna ta ce sun dai ƙara gaba inda ciyawa take, in sun dawo kusa za su kira. Har yanzu ba su kira ba, Inna da ƙawarta kuma ba su sake ganin juna ba.

Na sake karanta littafin ni kaɗai bayan tafiyarta. A gaskiya ba gwanin rubutu ba ne mutumin. Yana maimaita magana, yana shiga dogon bayani a kan allura da sunayen magunguna, akwai wuraren da in ɗalibina ne da na ja masa jan biro. Na karanta littattafai da yawa da suka fi shi daɗin harshe, na kuma mance su. Da na zo rubuta wannan sai maganar Uwar Tagwaye ta tsaya mini, don shi malamin dabbobi nasa asirin ya faɗa, ni kuwa na surukata zan faɗa. Na ajiye biro har sai da muka je Zurmi gaisuwar salla. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata abin da nake so in yi, na ce in ba ta yarda ba na bari.

Ta yi ta tankaɗenta kamar ba ta ji ba. Sai da ta kakkaɓe rariya ta ce in rubuta, amma kada in sa sunan kowa, don mutane na nan da rai kuma daji bai kwanta ba. Na ce to. Na miƙe zan tafi ta kira ni.

"Ki sa kuma, shekara talatin tana kawo min nono, ban taɓa samun ruwa ciki ba. Wanga ma a sani."